Ka Ce In Yi Irinsa

Akwai wani kaftani da na fi so a duk kayana, ruwan toka, na wata shadda mara nauyi da aka ba ni tun ina saurayi. Ya sha wanki har ya yi laushi, ya san jikina na san nasa. Wata shekara da azumi ya raba tsakiya na shiga Kantin Kwari na yanko yadi, na naɗe tsohon kaftanin a leda, na nufi shagon telan unguwarmu, wani dattijo da ya ɗinka wa mahaifina kaya tun kafin in san hannun damata. Ya zaro tef daga wuyansa zai auna ni, na ce, "Baba, kada ka wahalar da kanka. Ga wannan, a yi mini irinsa sak." Ya dube ni ta saman tabarau, ya karɓa, ya rubuta sunana da alli a gefen yadin.

Ranar jajibiri na karɓo ɗinki. Ina sakawa sai ga hannu ya tsaya mini can sama da agogo, kamar na aro kayan ƙanena. Na koma shago ina huci. Dattijon bai ce mini uffan ba. Ya share teburin yanka, ya shimfiɗa tsohon kaftanin, ya ɗora sabon a kai, kafaɗa kan kafaɗa, wuya kan wuya, aljihu kan aljihu, ya bi da tafin hannu ya lallatse su. Sannan ya ce, "Ɗana, nuna mini inda suka saɓa." Na duba sama, na duba ƙasa. Ko faɗin zare babu. A nan ne na tuna cewa shekarun baya dutsen guga ya taɓa cinye bakin hannun tsohon, aka datse hannayen biyu aka kalmashe. Ni kuwa na ci gaba da sakawa a cikin gida har idona ya saba. A jikin tsohuwar riga ba mai kula, a jikin sabuwar shadda mai ƙyalli kuwa sai abin ya yi ihu. Ya ce, "Ka ce in yi irinsa." Na kwashi kayana na fita, ban da abin cewa.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma tun daga ranar nan ba na iya kallon wani ɓangare na aikinmu ban tuna da teburin Baba tela ba. Manhaja ba ta zama yadda aka bar ta. Kullum ana taɓa ta, a ƙara wannan, a gyara wancan, kuma halinta shi ne ka taɓa nan, can ya motsa. Saboda haka muke rubuta wasu ƙananan manhajoji da muke kira gwaji, aikinsu kawai su tsare babbar. Gwaji yakan ba manhaja wani abu sananne, misali sunan mutum da adadin kuɗin da ya ajiye, ya karɓi rubutun da ta fitar, ya ɗora shi a kan wani rubutu da aka adana tun farko a matsayin samfur. In sun yi daidai, allo ya nuna kore. In sun saɓa, ya nuna ja. Ɗaruruwan irin waɗannan gwaje-gwaje suna tashi da kansu duk lokacin da wani ya shigar da gyara, ko da tsakar dare ne, ba tare da kowa na zaune ba. Turawa suna kiran wannan samfur kwafin zinariya. Ni dai a raina tsohon kaftani ne a leda.

Shimfiɗa rubutu kan rubutu ya fi shimfiɗa riga kan riga wuya, domin rubutu yana zamewa. A ce ga takardar cefane guda biyu. Ta farko: gero, dawa, masara, wake. Ta biyu: gero, masara, shinkafa, wake. In ka bi su layi da layi kamar soja, za ka ce layi na biyu ya saɓa, na uku ma ya saɓa, dawa ta zama masara, masara ta zama shinkafa. Amma duk matar da ta taɓa aiken yaro kasuwa ta san ba haka aka yi ba: an cire dawa, an ƙara shinkafa, masara tana nan inda take. Koya wa na'ura ta ga abin yadda uwar gida ke ganinsa shi ne aikin da Douglas McIlroy da James Hunt suka yi a ɗakin binciken Bell da ke Amurka. Manhajarsu mai suna diff ta fito cikin tsarin Unix a 1974, suka wallafa bayanin dabarar a 1976. Dabarar ita ce a fara neman jeri mafi tsawo na layukan da takardun biyu suka yi tarayya a kai, a bisa tsari ɗaya. A misalinmu gero, masara, wake ke nan. Duk abin da ya rage a ta farko an cire shi, duk abin da ya rage a ta biyu an ƙara shi. A 1986 Eugene Myers ya fito da hanyar da ta fi sauri idan bambancin ba shi da yawa, kuma ita ce Git, rumbun da galibin masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu tun bayan da Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi a 2005, yake amfani da ita in ba ka zaɓi wata ba. Jan layi mai alamar ragi da koren layi mai alamar tarawa da muke kallo daga safe zuwa dare, jikokin wancan aiki ne na shekara hamsin.

Abin da ya sa diff ta dace da gwajin da ba mutum a zaune shi ne, bayan ta gama bayaninta takan bar lamba guda: sifili in babu bambanci, ɗaya in akwai. Lambar nan kaɗai na'urar gwaji ke saurara. Kuma kalmomi biyu kacal diff ta sani a duniya, an cire da an ƙara. Ba ta san an gyara ba, ba ta san an lalata ba. In ka juya takardun, ka ba ta ta biyu a farko, duk alamar ragi sai ta koma tarawa, ba tare da ta ji ta yi wa kowa ƙarya ba. Wace takarda ce mai gaskiya, wannan ba ya cikin tambayar da aka yi mata.

Mu huɗu ne a wani ɗan ofis a lokacin da nake son ba da labari, muna kula da manhajar wata ƙungiyar adashi da ajiya ta ƙananan 'yan kasuwa da manoma. Duk wanda ya zuba kuɗi sai saƙo ya shiga wayarsa da Hausa. Wata safiya gwaji ɗaya ya yi ja. Na buɗe, ya ce yana sa ran ganin jimla mai farawa da 'yan kungiya, amma ya samu jimla mai farawa da ’yan kungiya. Na karanta na sama, na karanta na ƙasa. Na cire tabarau na goge. Na kira ƙaramin cikinmu, yaro mai kaifin ido da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, na ce ya zo ya gani ko tsufa ne ya fara kama ni. Ya leƙa ya ce, "Yaya, wallahi iri ɗaya ne. Na'urar ce ta rikice." Mun fi rabin sa'a a kai kafin ya faɗo mini in sa ta buga lambar kowane harafi. Domin ita kwamfuta ba ta ganin harafi, lamba take gani. A wurinta k shi ne 107, ƙ kuma 409. Ƙaramin b shi ne 98, ɓ kuma 595. Ashe ɗan waƙafin nan na sama da muke sa wa a gaban y ba guda ɗaya ba ne. Akwai miƙaƙƙe wanda ke kan madannai, lambarsa 39. Akwai mai lanƙwasa, 8217, wanda Microsoft Word ke musanya maka shi da kansa kana cikin bugu, don a ganinsa ya fi kyau. Akwai kuma na uku, 700, wanda tsarin Unicode ya ware a matsayin harafi sosai ba alamar rubutu ba. 'Yan uwanmu na Nijar sun huta da wannan rigima a nan wurin, tunda su ƴ suke rubutawa, harafi guda mai ƙugiyarsa. Wadda ke tace mana Hausar saƙonni ta gyara jimlar a Word ta turo, aka kwafa aka liƙa, lanƙwasa ta biyo.

Irin waɗannan baƙin da ba a gani suna da yawa, kuma wasunsu sun girmi kwamfutar kanta. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga takardar rantsuwa a bakin kotu ya ga yadda mai tafireta ke yi in ya kai ƙarshen layi: ya tura kan keken ya koma farko, takarda kuma ta hau sama da layi ɗaya. Motsi biyu ne. Na'urorin aika saƙo na da sun ba kowane motsi lambarsa, 13 da 10. Har yau Windows yana rufe kowane layi da lambobin biyu, Linux da Mac na yanzu kuwa 10 kaɗai suke sawa. Sai mutum ya adana samfur a wannan kwamfuta, a gwada a waccan, diff ta ce duk layukan takardar sun saɓa daga na farko har na ƙarshe, alhali ido bai ga komai ba.

Kada a ce wannan ciwon ƙananan ofisoshi ne irin namu. A watan Oktoba na 2022 ƙungiyar Unicode ta fitar da bugu na 42 na kundin da ake kira CLDR, wanda manhajojin duniya ke dubawa don sanin yadda kowane harshe ke rubuta kwanan wata da lokaci da kuɗi. A ciki aka sauya tazarar da ke tsakanin lokaci da alamar safe ko yamma a rubutun Ingilishi. Da tazara ce ta kullum, mai lamba 32. Aka mayar da ita wata siririyar tazara mai lamba 8239, wadda ke hana layi ya karye a wurin. Da sauyin ya isa kayan aikin masu rubuta manhaja irin su Node.js, daga baya kuma Java 20 a watan Maris na 2023, gwaje-gwaje suka dinga yin ja a ko'ina, mutane na kallon 3:45 PM a sama da 3:45 PM a ƙasa suna tambayar kansu ko sun zautu. Masu manhajar shiga intanet ta Chrome sai da suka mayar da tsohuwar tazarar, saboda shafukan intanet da ke karanta lokaci da zaton tazara ɗaya ce a duniya sun fara lalacewa. Wurin da babu komai a cikinsa ne ya tayar da wannan ƙura.

To, mu koma ofis. Da muka gano waƙafin, yaron nan ya kawo shawarar da kowa zai kawo: tunda mai karatu ba zai ga bambanci ba, a koya wa gwajin ya kau da kai. Ya rubuta layi biyu da ke mayar da kowane irin waƙafi miƙaƙƙe kafin a kwatanta. Allo ya yi kore, muka tafi cin abinci. Kuma a gaskiya kau da kai ba laifi ba ne a wannan sana'a, dole ne ma. Rasit yana ɗauke da kwanan wata, gobe ba zai yi daidai da na yau ba. Yana ɗauke da lambar ciniki da ba ta maimaituwa. In ba ka rufe waɗannan wurare kafin kwatanci ba, gwajinka zai yi ja kowace safiya, ya zama kamar ƙararrawar motar maƙwabci da ke kuka duk dare: makon farko ana leƙowa, daga nan ko ɓarawo ne da gaske ba mai ɗaga labule. Ita kanta diff tana da zaɓin da za ka ce mata ta manta da tazara, da wanda za ka ce ta ɗauki babban baƙi da ƙarami abu ɗaya. Sai dai duk lokacin da ka ce mata ta manta da wani abu, kai ne ka yanke hukunci cewa abin nan ba ya cutarwa, kuma sau da yawa ka yanke shi ne da yunwa a cikinka.

Ƙarshen wata kuɗin aika saƙo ya zo ya kusa ninkawa. Dalili shi ne, saƙon tes na waya yana da tsohon jerin haruffa na tsarin GSM, wanda in ka tsaya a cikinsa saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Da zarar harafi guda ya fita daga jerin, sai duk saƙon ya koma wani tsari mai cin wuri, inda saƙo ɗaya harafi 70 ne kawai. Abin da ya wuce haka a raba shi gida biyu ko uku, kowane gida da kuɗinsa. Haruffanmu masu ƙugiya ba sa cikin jerin, shi ya sa kamfanoni da yawa ke aiko da Hausa ba ƙugiya, mu ma a saƙon tes haka muke yi, muna zaɓen kalmomin da ba za su rikita ba. Miƙaƙƙen waƙafi yana cikin jerin. Mai lanƙwasa ba ya ciki. Jan da gwajin ya nuna ranar nan gaskiya ya faɗa, mu ne muka toshe masa baki. Mun gyara ma'auni, kayan kuwa suka fita kasuwa yadda suke.

Wannan kuskuren na tarayya ne. Na biyun nawa ne ni kaɗai, kuma shi ne ya fi kama da kaftani.

Akwai salon gwaji da ya yaɗu bayan da manhajar gwaji ta Jest, wadda Facebook ya fitar, ta shigo da shi a 2016. Maimakon ka zauna ka rubuta samfur da hannunka, sai ka bar na'ura ta ɗauka da kanta. Karon farko da gwajin ya gudana, duk abin da manhaja ta fitar sai a adana shi a fayil, a ce wannan shi ne daidai, allo ya yi kore. Daga ranar ake kwatanta na gobe da shi. Sauƙin abin ba ya misaltuwa, kuma yana da amfaninsa. Michael Feathers, a littafinsa na 2004 kan yadda ake aiki da tsohuwar manhaja da aka gada, ya yi bayanin irin wannan gwaji da kyau, kuma bai ɓoye iyakarsa ba: yana rubuta abin da manhaja take yi a yanzu ne, ko daidai ko ba daidai ba, don ka san lokacin da ya sauya. In ranar da aka ɗauki samfur hannun rigar a datse yake, to datsattsen hannu ya zama doka, kuma wanda ya zo ya tsawaita shi shi ne gwaji zai kama. Sannan in samfur ya tsufa, wato ka sauya abu da gangan, akwai gajeriyar hanya. Ka ƙara harafi ɗaya a umarninka, u, duk samfuran da suka yi ja a share su a maye gurbinsu da abin da manhaja ta fitar yau.

Wata Alhamis da yamma, gobe za mu saki sabon bugu, samfura arba'in da wani abu suka yi ja lokaci guda. Na buɗe na farko: layin ƙasa ne ya sauya, mun canza lambar wayar da ake kira don neman taimako. Na biyu haka. Na uku, na huɗu, na biyar, duk haka. An kira magariba. Na ce ai sauran ma labarin ke nan, na danna u, allo ya koma kore shar, na rufe kwamfuta na tafi masallaci da zuciya fes. Abin da ban buɗe ba yana can wajen na talatin. Bayan rigimar kuɗin saƙo an rubuta wani ɗan mataci da ke zubar da duk harafin da ba ya cikin jerin Turanci kafin a aika tes. A wannan makon wani gyara ya sa rubutun da ke fitowa a fuskar manhajar waya, inda muke rubuta Hausa da ƙugiyarta cikakkiya, shi ma ya bi ta cikin matacin. Shi kuwa mataci ba ya mayar da ƙ ta zama k. Harafi irin é na Faransanci Unicode ya san shi a matsayin e da alama a kai, ana iya cire alamar a bar e. Amma ƙ da ɗ da ɓ ba a gina su haka ba, kowannensu harafi ne guda da ba ya rabuwa. Saboda haka mataci ya jefar da su ɗungurungum.

Jimlar da ke sanar da mutum rabonsa na riba tana cewa an ƙara maka naira kaza a asusunka. Ranar Asabar mutane suka buɗe waya suka ga an ara maka naira kaza. Da ta fito a hargitse, da kowa ya gane na'ura ce ta yi tuntuɓe. Sai ta fito Hausa tsantsa, mai ma'ana, ma'anar da ba mu nufa ba. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya kira yana tambaya, cikin ladabi, yaushe ake so ya biya, kuma wa ya ce yana neman rance. Wata mata ta ce a cire kuɗin nan daga asusunta yanzu-yanzu, ita ba ta cin bashi. Duk tsawon wannan lokaci gwaje-gwajenmu kore suke, ɗari bisa ɗari, domin abin da manhaja ke fitarwa ya yi daidai da samfur, kafaɗa kan kafaɗa, wuya kan wuya. Ni na ɗinka samfurin da hannuna ranar Alhamis.

Na yi ta juya abin a raina, sai tunanina ya koma makarantar allo. Almajiri yakan rubuta allonsa, ya kai wa malam a duba kafin ya fara hadda. Malam ba ya cewa a kawo allon wani almajiri a ɗora a gani ko sun yi daidai. In da haka ake yi, yaro biyu da suka kwafa daga wuri ɗaya za su wuce da kuskure ɗaya, kowa ya shaidi ɗan uwansa. Malam yana duba allon ne da abin da ke ƙirjinsa, wanda shi ma ya karɓa daga bakin nasa malamin. Haka alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya ɗaure shi a gafaka sai ya kai wa wasu mahaddata sun bi shi baƙi da baƙi, wasali da wasali. Masu kwafar littattafai da hannu a duniyar Musulunci suna da sunan wannan aiki, muƙabala: ɗaya na karanta asali da ƙarfi, ɗaya na bin kwafi da ido, in sun tsaya sai a rubuta balaga a gefen shafi, alamar cewa duba ya iso nan. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne ba su taɓa ɗaukar kowane kwafi a matsayin asali don kawai shi ya riga zuwa ba. Ana tambayar daga wa aka samo shi, wa ya karanta shi a gaban wa. Mu kuwa da kwamfutocinmu, samfurinmu ba shi da isnadi. Wani ne ya danna harafi ɗaya ana kiran sallah.

Ba mu daina gwajin samfur ba, don ba abin da ya kai shi kama sauyin da ba a yi niyya ba. Mun dai rage masa girma. Layin ƙasa mai lambar waya muka fitar da shi ya zama samfur guda mai zaman kansa, yadda in ya sauya ja ɗaya za a gani ba arba'in ba, tunda mun gane cewa ba mai karanta bambanci arba'in da yamma, ko waye shi. Masu harshen rubuta manhaja na Python ma da alama sun san halin ɗan Adam, don manhajar gwajinsu in bayanin bambanci ya wuce harafi 640 ba ta nuna shi, sai ka roƙa. Muka sa duk inda rubutu biyu suka saɓa a buga lambar harafin da ya saɓa a gefensa, kada a sake zaman goge tabarau. Muka rubuta wasu 'yan gwaje-gwaje da hannu waɗanda ba ruwansu da samfur: ɗaya yana tambaya ko kowane harafin saƙon tes yana cikin jerin GSM, ɗaya ko saƙon bai wuce 160 ba, ɗaya kuma, wanda abokan aikina suka laƙaba wa sunana don tsiya, yana duba cewa kalmar ƙara tana nan da ƙugiyarta. Sai doka guda da ba ta cikin kwamfuta: duk sauyin da ya taɓa samfurin Hausa, sai wani da ba shi ya yi gyaran ba ya karanta shi da ƙarfi a ofis. Da farko abin ya zama wasa, ana kwaikwayon muryar masu labarai a rediyo. Amma kunne yana kama abin da ido ya tsallake, musamman idon da ya riga ya san abin da yake sa ran gani.

Da wata sallar ta zagayo na koma wurin Baba tela, wannan karon ba leda a hannuna. Ya auna ni tun daga kafaɗa, yana faɗa yaronsa na rubutawa. Sannan ya jawo wani tsohon littafin awo da bangonsa ya sha maiƙo, ya lasa yatsa ya yi ta buɗawa har ya iso shafina na shekarun baya, ya ajiye sabon awon kusa da tsohon yana bi da ɗan yatsa. Tsawo daidai. Kafaɗa daidai. Hannu daidai, ya ɗago ya harare ni kaɗan, na sunkuyar da kai. Da ya zo ciki sai ya tsaya, inci biyu sun ƙaru. Yaron ya ɗaga biro zai soke tsohuwar lambar, dattijon ya riƙe masa hannu.

"Ɗana," ya ce, "wannan ƙiba ce ta zauna, ko yanzu ka taso daga kan tuwo?"

Na ce, "Baba, azumi fa ake yi."

Ya saki hannun yaron. "To, soke."